Ƙurajen ƙeya ba na ruwan batir ba ne

Jama'a, don Allah mu daina kai ƙurajen ƙeya wajen masu shafa ruwan batir da man burki. Abin nan yana ci mini tuwo a ƙwarya. Saurayi bai kai shekara talatin ba, amma ƙasan hularsa duk ƙulallai, wasu sun haɗe sun zama tudu mai sheƙi, babu ko silin gashi a kai. In ka tambaye shi, zai ce da 'yan ƙuraje masu ƙaiƙayi abin ya fara bayan wani aski, aka ce a ƙona su, daga nan wuri ya lalace.

Ba ƙazanta ce ke kawo su ba, kuma ba jifa ba ne. Gashinmu nannaɗaɗɗe ne. Idan aka yi tal-kwabo, ko aka kankare layin ƙeya da reza, fatar tana jin rauni, gashin da ke tsirowa kuma yana iya lanƙwasowa ya soke ta. Sai ƙofar gashin ta kumbura. Ga wuyan riga da bakin hula ko hular kwano suna ta gogar wurin, ga gumi, ga farce ba ya hutawa da susa. Nan ƙwayoyin cuta ke samun wurin zama. Kumburin in ya daɗe yana kashe tushen gashi ya bar tabo, kuma gashi ba ya sake fitowa a kan tabo. Maza baƙar fata aka fi gani da wannan cuta, galibi bayan balaga. To wanda ya zuba ruwan batir a irin wannan wuri, rauni ya ƙara a kan rauni, tabon da zai biyo baya ya fi na farko girma.

Mutane da yawa suna ɗora laifin duka a kan kilifar mai aski. Gaskiya ne kilifa marar tsabta tana yaɗa makero, in ta taɓa jini ma tana iya yaɗa ciwon hanta, don haka mallakar taka abu ne mai kyau. Amma ko da sabuwa dal ka je da ita, muddin za a ci gaba da kankare ƙeyar duk mako, ƙurajen ba za su lafa ba. Maganin farko shi ne ka koma saisaye, a bar gashi ya ɗan taso, reza kada ta sake kusantar wurin.

Akwai kuma ƙurajen tsakiyar kai da na goshi, waɗanda mata suka fi kuka da su. Su yawanci toshewa ce: maiƙon da fata ke fitarwa ya haɗu da basilin da man kitso mai kauri, kitson ya yi tsauri, ya yi makonni a ƙarƙashin ɗankwali ba a wanke ba, wani lokaci ma a ɗaure kai gashi bai bushe ba. Waɗannan sun fi sauƙi. A rage mai, a sassauta kitso, a riƙa wanke kai a kai a kai. Sabulun wanke gashi mai ɗauke da maganin amosani da ake kira ketokonazol yana taimakawa idan akwai amosani da ƙaiƙayi, amma a bar kumfar ta yi kamar minti 5 kafin a ɗauraye. Kuma a yi haƙuri, sai an yi mako 6 zuwa 8 kafin a ga canji sosai.

Abin da nake roƙo a guje wa shi ne man shafawar nan na kemis da ake cewa yana maganin komai. Yawancinsu akwai sinadarin da ke kwantar da ƙaiƙayi nan take, sai mutum ya ɗauka ya warke, alhali in makero ne ƙara bazuwa yake yi.

Idan ƙurajen suna ruwa ko mugunya, suna zafi, ko gashi ya fara zubewa a wurin, likitan fata za a nema, kuma manyan asibitocin koyarwa suna da su. Yana iya ba da maganin kashe ƙwayoyin cuta, kamar kilindamaisin na shafawa, ko doksisaikilin na sha, wanda ba a ba mai juna biyu da ƙananan yara. Ƙulallan da suka yi tauri ana yi musu allura a cikinsu su sace, waɗanda suka yi girma sosai kuma sai tiyata.

Masu aski, ku ne kuke fara ganin ƙeyar mutum tun shi bai gani ba. In kun ga ƙurajen sun fara, ku ɗaga reza, ku gaya masa ya je asibiti tun suna ƙanana.