Kulle saƙo ba ya kulle ɗaki

Wani labari da na karanta ya ce tunda saƙon WhatsApp a kulle yake, wato ba mai iya karanta shi a hanya, magana ta tsira. Ban yarda ba. Kullen a hanya yake kare saƙo, muryarka kuwa a ɗaki take fita. A 1945 'yan Sobiyet suka ba jakadan Amurka a Mosko kyautar tambarin katako, aka rataye a gidansa, sai 1952 aka gano na'urar saurare a ciki, ko batir babu. Ni wayarin nake yi a Legas, na sha hawa silin ofisoshi a Ikoyi ni kaɗai, ba mai leƙa jakata. Wallahi abin yana damuna. Malam mai cewa a sauya wayar hannu kawai, wa ya taɓa kwance soket ɗin bayan kujerarka ya duba?