Ranar da tagwayen Yaya suka sauke ni daga kujerar malanta

Baki shi ke yanka wuya. Ni da kaina na ce wa matar Yaya ta tafi bikinta na Wudil hankali kwance, ta bar mini tagwayen. Na ce, "Haba Anti, yara 28 nake riƙewa a ajin raino kullum, shekara 11 ke nan. Guda biyu ne za su gagare ni?" Ta dube ni, ta dubi Hajiya da ke kan tabarma da carbinta, ta yi irin murmushin wanda ya sayar da akuya mai cin tufafi, ta ja mayafi ta fice ko waiwaye babu.

Abin da na manta shi ne, a aji akwai masu raino biyu, akwai ƙofa mai sakata, kuma can sunana Malama. A gidanmu kuwa ni "Gaggo" ce kawai, wadda ake hawa bayanta.

Hassan da Hussaina shekararsu 2 da wata 4. Tun daren Juma'a na tsara musu jadawali a takarda, wasa huɗu, kowanne minti 45. Na haɗa lissafin ne da shawarar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2019, cewa yaro mai irin shekarun nan ya samu aƙalla minti 180 na motsa jiki a yini. Na karanta wa Hajiya. Ta ce, "Su waɗannan? Sai dai hukumar ta faɗa miki yadda ake tsayar da su."

Na fara da ƙullun wasa, wanda na fi gwanancewa a kai. Awon da gwangwanin madara ƙarami nake yi: fulawa 2, gishiri 1, man gyaɗa cokali ɗaya, sai ruwan ɗumi kusan gwangwani ɗaya. Ruwan ba a juye shi gaba ɗaya, kaɗan-kaɗan ake zubawa ana murzawa kamar minti 5, har ya daina kama hannu. In ya yi danƙo a ƙara fulawa, in yana tsagewa a jiƙa hannu a ci gaba da murza. Na ninka awon na raba biyu, rabi na sa gangamau ya yi rawaya, rabi na kwaɓa da ruwan zoɓo. Kada wanda ya sa ran ja daga zoɓo, wani launin hanta yake bayarwa mai kama da abin da ya kwana.

Kuskurena na farko ke nan, launi biyu. Yaro ɗan shekara 2 bai iya wasa tare da ɗan'uwansa ba tukuna, kusa da shi yake wasa, kowa da nasa. Don haka duk abin da za a ba su ya zama iri ɗaya sak, girma ɗaya, launi ɗaya. Wannan ni nake faɗa wa iyaye a taron makaranta, har da ɗaga yatsa. Na miƙa wa Hassan rawaya, na miƙa wa Hussaina mai launin hanta. Ta dubi nata, ta dubi nasa, ta ajiye nata a hankali kamar mai hankali, ta gantsara masa cizo a kafaɗa.

Da aka yi sulhu kowa ya samu rawaya, sai Hassan ya ga abin ya yi kama da cincin ɗin da uwarsu ke yankawa. Ya gutsira ya kai baki. Gishirin nan aikinsa biyu ne: yana hana ƙullun saurin lalacewa, kuma yana sa yaro ya tofar. Yawancin yara da sun ɗanɗana sau ɗaya sun tuba. Hassan ya yamutsa fuska, ya yi shiru yana nazari, ya ƙara gutsira. Nan na sa yatsa na ƙwaƙulo, don ƙullu mai gishiri haka ba abin sakaci ba ne, in ƙaramin yaro ya ci da yawa zai iya kai shi asibiti. Na ba shi ruwa ya sha, na tattara ƙullun cikin roba mai murfi, saboda iskar hunturu kan busar da shi ya yi ɓawo in an bar shi a buɗe, na tura ƙarƙashin benci. Na duba agogo. Wasan minti 45 ya ƙare a minti 7, gangamau kuma ya zauna a faratana da gaban atamfata, ba shi da niyyar tashi.

Na biyu shi ne ɓoye abu, kuma shi kam ya yi kyau, har na fara dawo da girmana. Kwano uku ake kifawa. A sa abu ƙarƙashin ɗaya yaron yana kallo, a ce "ina ya shiga?" In ya gano sau uku a jere, sai a riƙa musanya wurin kwano biyu a hankali a gabansa. In wannan ma ya zama ruwa, a koma ɓoyewa a tsakar gida, a bar gefen abin yana leƙowa, a bayan turmi ko ƙarƙashin faifai. Abin da ake ɓoyewa ya fi daɗi in yana ƙara, don haka na ciro makullan kabad ɗin ajinmu, guda biyu a zobe ɗaya, ina kaɗa su kafin in ɓoye. Duk wanda ya gano sai ya yi ihu, mu tafa. Daga nan muka zarce wasan ɓuya. Hassan ya tsaya a tsakiyar tsakar gida ya rufe idonsa da tafin hannu, shi a dole ya ɓace, tunda a shekarun nan in yaro bai gan ka ba yana zaton kai ma ba ka gan shi. Dole ka bi shi a haka, kana zagaye shi kana cewa "wai ina Hassan?" yana ƙyalƙyala dariya a gaban gwiwarka. Hajiya ta ce, "Maigidana ba ya ɓuya, don ba a bin sa bashi. Kishiyata ce dai ban gani ba." Na tarar da Hussaina a wajen benci tana kallona da idon nan nata mai kama da na wadda ba ta taɓa laifi ba. Ban kawo komai a raina ba.

Sai na uku, wanda har yau in na tuna kunya nake ji. Wasan rarrabewa ne, a haɗa abu iri biyu a faranti, yaro ya ware kowanne a kwanonsa. Ƙa'idar na san ta kamar sunana: yaron da bai kai shekara 3 ba, ba a ba shi abin da zai wuce ta cikin kwalin nan na tsakiyar takardar bayan gida. Duk abin da ya zurma ta nan zai iya shaƙe shi. Murfin robar lemo ma bai tsira ba. Abin da ya dace shi ne albasa da dankali, ko safa kala biyu, ko cokula da kofuna. Amma Hajiya ta hana taɓa albasarta, wake kuma ga shi a faifai ana tsincewa. Na ce ai ina zaune a gabansu, me zai faru? Na haɗa wake da gyaɗa mai ɓawo.

Waya ta yi ƙara. Matar Yaya ce. "Ƙanwata, ya kuke?" Na ce lafiya lau, suna nan suna koyon lissafi. Maganar ba ta kai minti ɗaya ba. Ina juyowa Hassan ya nuna hancinsa da alfahari ya ce, "Gaggo, ya shiga."

Na haska fitilar waya, ga farin wake a ƙofar dama, ya zauna daram. Hajiya ta miƙo tsinken ashana. Na ce a'a, tsinke tura shi ciki yake yi, kuma wake in ya sha danshin hanci kumbura yake, abin da zai fita yanzu da sauƙi anjima sai likita. Ba a kuma cewa ɗan shekara 2 ya fyace, don ja zai yi sama. Akwai dabarar da ma'aikatan lafiya kan koya wa iyaye: a zaunar da yaro, a toshe ƙofar hancin da ba komai da yatsa, a haɗa baki da bakinsa ruf, a hura iska sau ɗaya, gajere mai ƙarfi. Iskar ta baya take biyowa ta turo abin waje. In an gwada sau ɗaya ko biyu bai fita ba, a tafi asibiti. In kuwa ƙaramin batirin nan ne mai kama da maɓalli, ba a tsayawa gwaji, asibiti ake nufa nan take, don ƙona nama yake.

Na ce, "Hassan, zo Gaggo ta sumbace ka." Na toshe hagu, na hura. Waken ya fito kamar daga bakin gwafa, da rakiyar majina, ya manne a kumatuna. Hassan ya fashe da dariya ya ce, "Ƙara!" Hussaina kuwa tuni ta ɗauki wake tana auna nata hancin. Na yi tsalle ɗaya na ƙwace faifan. Hajiya ta ja carbi biyu ta ce, "Wannan lissafin a aji nawa ake koyar da shi?"

A nan ne, in faɗi gaskiya, na ba su wayata. Ni da ke tsayawa gaban iyaye ina cewa kallon allo kada ya wuce awa ɗaya a yini ga ɗan shekara 2 zuwa 4, ƙasa da haka ma ya fi. An ɗauke wuta tun asuba, cajin saura kaɗan, wayar ta mutu bayan minti 5, kukan da ya biyo baya har maƙwabciya ta leƙo ta katanga.

Saura kumfa, makamina na ƙarshe. Tun safe na haɗa ruwan: ruwa gwangwani 6, sabulun ruwa na wanke-wanke gwangwani 1, sukari cokali ɗaya. A juya a hankali kada ya tashi, a bar shi ya huta aƙalla awa ɗaya. Sabulun gari na wanki ba ya yi. Sukarin yana sa kumfar ta ɗan jima kafin ta fashe, amma a busasshiyar iskar hunturu ko da shi ba ta daɗewa, shi ya sa na bar zancen ƙwallayen da ke tashi sama na yi macijin kumfa. Ana yanke gindin robar ruwa, a sa mata tsohuwar safa a ɗaure da roba, a tsoma safar a ruwan sabulu, a hura ta bakin robar. Kumfa ce za ta riƙa fitowa doguwa kamar an warware rawani. Na hura, suka yi ta tsalle suna kamawa. Da na tsaya a nan da na fita kunya. Sai Hussaina ta ce ita za ta yi.

Yaro ya san zuƙa tun ranar da aka haife shi, hurawa kuwa koyonta ake yi, da gashin kaza a tafin hannu ko guntun takarda. Ban gwada ta ba na miƙa mata. Ta zuƙa. Ta buɗe baki za ta yi kuka sai ga kumfa ta riga kukan fitowa. Na tashi da gudu in ɗebo ruwa in wanke mata baki, don ba a sa yaro amai a kan sabulu, a dai goge a ba shi ruwa kaɗan ya sha. Na manta sumuntin ya sha sabulu. Ƙafata ta yi gabas, ɗankwalina ya yi yamma, na zauna a kan abin da Allah ya ba ni. Hassan ya tafa, don ya zaci wasa na biyar ne. Kafin la'asar kiyashi sun yi layi a duk inda ruwan sukarin ya zuba.

Hajiya ta ajiye carbi. Ba ta ce mini komai ba. Ta ɗebo yashi daga tulin da ya rage na gyaran katanga, ta tankaɗe da tsohuwar rariya saboda kwalba da kashin kyanwa, ta yayyafa ruwa har ya zama in an dunƙula yana tsayawa. Ta ba kowannensu kofin roba ɗaya, ludayi ɗaya, murfin tukunya ɗaya. Ta tsinko ganyen darbejiya ta ajiye a gefenta, ta koma tabarma ta ce, "To, wa ke sayar da tuwo?" Shi ke nan fa. Ba ta nuna musu yadda ake kifa kofi ba, ba ta ce "a'a, ba haka ba" ko sau ɗaya. Su kawo malmala a murfi, ta kai kusa da baki ta yi kamar ta ci, ta biya da ganye biyu. Ta yaba na Hassan, ta ce na kishiya ya yi gudaji, Hussaina ta koma a fusace ta sake tuƙawa. Ina zaune ina murza ƙugu ina kallon agogo, minti 40 cif, ba cizo, ba kuka. Ta wanke musu hannu da sabulu, suka ci shinkafa, suka mimmiƙe a cinyarta.

Matar Yaya ta dawo bayan magariba ta tarar da su suna barci tsaf. Ta dubi faratana masu rawaya, ta dubi yadda nake tafiya a karkace, ta ce, "Sannu Malama." Na ce ai ba wani abu, yara sai da tsari.

Ranar Lahadi da dare na nemi makullan kabad. Na ɗaga kwano uku, na leƙa bayan turmi, na zazzage takalman gidan kaf, na tankaɗe yashin Hajiya da rariya. Na sa Yaya ya kira mini Hussaina a waya, na ce, "Ina kika sa makullin Gaggo?" Ta ce, "Ina ya shiga?" ta tafa.

Litinin da safe maigadin makaranta ya fasa kwaɗon da guduma, yara 28 suna kallo, shugabarmu tana tsaye tana tambayar yadda babbar malama ke yar da makulli. Na aika aka sayo sabon kwaɗo da kuɗina. Wajen ƙarfe 10 na buɗe robar nan da na ɗauko daga ƙarƙashin benci, don ƙullun bai lalace ba, na yanka wa kowane yaro nasa. Can sai wani ɗan ƙarshen benci ya ɗaga hannu, abu na reto a yatsarsa, duk ya yi rawaya, gishiri har ya fara cinsa.

"Malama, na samu kyauta a nawa!"