"Na bar miki su" ba ta sauke nauyi

Assalamu alaikum, ƴan'uwa.

Shekaranjiya bayan la'asar, a zauren wani dattijo a nan Tawa, na ji maganar da ta hana ni barci. Aure ya mutu, ƴaƴa uku a tsakani, babbar ba ta wuce shekara tara ba. Aka kira uban don a tsai da abin da zai riƙa bayarwa. Sai ya kaɗe riga ya ce: "Baba, ni na bar mata su duniya da lahira. Ba ni neman su, ita ma kada ta neme ni." Har yana cewa a kawo takarda ya sa hannu. A ganinsa kyauta ya yi.

Ɗan'uwa, mutum da abin da ya mallaka yake kyauta. Duk wanda ya zauna gaban malam ya karanta Risala ya san cewa a mazhabarmu ta Malikiyya, bayan saki uwa ce ta fi cancanta da riƙo: namiji har ya balaga, mace har ta yi aure ta tare. In uwar ta yi wani aure, riƙo ya koma hannun kaka ta wajenta. To me ka bar mata? Abin da dama nata ne. Shi kuwa ci da sha da sutura da magani, wannan hakkin yaro ne da Allah Ya rataya a wuyanka. Wanda ake bi bashi ba shi ne ke cewa ya yafe ba. Ko uwar ce fushi ya sa ta ce ba ta son ko dala ɗaya daga hannunka, ranar da ta kasa, kanka nauyin yake dawowa.

Ku duba aya ta 233 a Suratul Baƙara. Allah bai ce "miji" ba, cewa Ya yi "wanda aka haifar wa". Ya ɗora masa ci da suturar matar da ke shayar da ɗansa. Igiyar aure tana tsinkewa, amma wannan suna yana nan manne da kai. In har don jaririn aka wajabta maka ciyar da mai shayar da shi, ina ga shi jaririn kansa?

Na san halin da ake ciki. Damina ba kullum take kyau a Adar ba, shi ya sa samarinmu da magidanta suka cika Abijan da Libiya wajen bida. Ba da wanda ya nema ya rasa nake ba. Shi Allah Ya riga Ya sauƙaƙa masa a aya ta 7 ta Suratuɗ Ɗalaƙ: mai yalwa ya ciyar daga yalwarsa, wanda aka ƙuntata wa ya ciyar daga abin da Allah Ya ba shi. Tiya biyu ta hatsi ciyarwa ce, jika ɗaya da aka turo ta waya ciyarwa ce. Da wanda ke da kuɗin sabon lefe nake, da kuɗin babur da shayin fada, amma in aka ce yaro na kwance likita sai ya ce ai ya bar wa uwarsa.

Wallahi mafi yawan lokuta ba rashi ba ne, ramuwa ce. Yana jin haushin uwar, sai ya huce a kan cikin ƴaƴa. Ita ta koma gidan iyayenta da baki uku, tsohon da ya kamata a ɗauke masa nauyi an ƙara masa. Yarinya ta ɗauki tiren talla ta nufi tasha, yaro ya bar lakwal don babu kuɗin alli da takarda. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce ya ishi mutum zunubi ya tozarta wanda ciyarwarsa ke kansa. Abu Dawuda ya ruwaito. Kuma da Hindu bint Utba ta kai ƙarar cewa mijinta Abu Sufyan ba ya ba ta abin da zai ishe ta ita da ɗanta, izini Manzon Allah ya ba ta ta ɗibi abin da zai wadace su daidai gwargwado.

Abin da ya fi ƙona mini rai, irin wannan uban ne za ka gani bayan shekara goma ya sha babbar riga ranar ɗaurin auren ɗiyar, shi ne waliyyi. A ranar ya tuna jininsa ce.

Ku kuma iyayensa da yayyensa da kuka zauna shiru a zauren nan, da ku ma nake. Jikokinku ne, sunan gidanku suke amsawa. Ku kira shi ku zaunar, a yanka masa abin da zai iya kowane wata a gaban shaidu, in ya ƙi a kai gaban sarki ko alƙali. Kasuwar Lahadi na tafe, a fara da hatsin wannan mako.