Na Kai Faifan Birkina Aski

Tun farko dai motar ta yi min magana, ni ne na yi kunnen uwar shegu. Wata biyu cur wani ƙiii yana fitowa daga tayar gaba duk lokacin da na taka birki, ni kuma maganin da na samo masa shi ne ƙara sautin rediyo. Sai daga baya na ji cewa kukan nan da gangan aka yi shi. Masu ƙera takalmin birki, wanda makanikai ke kira fad, suna maƙala masa wani ɗan siririn ƙarfe, don idan ya cinye ƙarfen ya taɓo faifai, wato ƙarfen da ke juyawa tare da taya wanda takalmin ke matsewa, ya yi ihu mai mota ya ji. Injiniyoyi sun ɓata dare sun nemo hanyar yi min gargaɗi, na mayar musu da amsa da labaran ƙarfe huɗu. Ban je an canja takalman ba sai da ƙiii ya koma gurrr, ƙarfe yana cin ƙarfe. Aka sa sababbi, aka ce min faifan ma ya ji jiki, na ce a bar shi, ai yana juyawa.

Bayan wata huɗu sai rawa ta fara. In ina tafiya lafiya lau, amma da na wuce gudun kilomita 80 na ɗora ƙafa a birki sai sitiyari ya kama karkarwa kamar mai zazzaɓi, birkin kuma ya riƙa tunkuɗo tafin ƙafata. Uwargida ta lura tun ranar farko.

"Maigida, motar nan lafiyarta kuwa?"

"Hanya ce ba kyau," na ce.

"To ya aka yi hanyar ba ta lalacewa sai ka taka birki?"

Ban tanka ba. A daren na ɗauki waya na shiga intanet, kuma kafin in yi barci na zama gwanin birki. Bidiyo uku na kalla. Na fahimci cewa mai faifan da ya lalace hanya biyu ce a gabansa. Ko dai ya sayi sabo, ko ya kai tsohon a ɗora a injin da ke aske ƙarfe, a shafce masa fuska biyun su koma sumul. Askin bai kai rabin kuɗin sabo ba. Daga nan na daina sauraren sauran bayanin, don abin da nake nema na riga na ji. Na tuna mai bidiyon ya ɗaga wani abin awo yana nanata wata magana, amma lokacin na tafi lissafin abin da zan yi da canjin.

Washegari na isa gareji da kafaɗa a sama. Makanikena dattijo ne mai ƙarancin magana, irin mutanen nan da in ka gama zuba sai su dube ka na daƙiƙa biyar kafin su amsa, a cikin daƙiƙoƙin nan kuma kai da kanka za ka fara jin maganarka ba ta da gishiri.

"Malam, faifaina ya lanƙwashe. Aski kawai za a yi masa."

Ya dube ni. Ya sa yaronsa ya ɗaga motar a jak, aka cire taya. Ya goga farce a fuskar faifan, farcen yana tsalle a kan zane-zane kamar an yi huɗa a gona. Sannan ya ɗauko burushin ƙarfe ya kankare tsatsar da ke gefe, sai ga rubutu ya fito, wanda ban taɓa sanin yana wurin ba duk shekarun da na yi da motar.

"Yallaɓai, karanta min nan."

Na sunkuya. Haruffa ne na Turanci da lamba, milimita 24.

"Wannan ita ce iyakarsa," in ji shi. "Kamfanin da ya zuba ƙarfen ne ya rubuta, ba ni ba. Yana sabo 26 ne. Biyu aka ba ka ka ci."

Ya ciro abin awon nan da na gani a bidiyo, maikuromita, daga cikin wani tsumma kamar mai fito da gwal. Ya auna wuri shida ko takwas a kewayen faifan, yana juyawa yana murzawa. Na hagu 24.4, na dama 24.6.

"To ai da saura!" na ce, cikin murna.

"Da saura in za a bar shi haka. Amma dubi zurfin zanen nan. Kafin inji ya kai ƙasansa sai ya ci kusan rabin milimita ta nan, rabin milimita ta can. Nawa ya rage?"

Lissafin bai min daɗi ba, don haka na ƙi yin sa. Na ce masa milimita ɗaya me ye ita, ko farcena ai ya kusa haka. Na kawo masa hujjar cewa a da ai askewa ake yi. Ya ce gaskiya ne, faifan da yana da kauri, ana iya aske shi sau ɗaya ko biyu, amma na yawancin motocin yanzu an rage musu nauyi, ba a bar wa wanzami abin kirki ba. Na ce masa na gani a intanet. Ya naɗe maikuromitarsa a tsumma.

"Yallaɓai, motarka ce. Amma ba da hannuna ba."

A raina na ce wannan so yake ya sayar min da kaya. Na sa aka mayar da taya na fita, motar tana rawa ina rawa.

Ranar hutu na kwance faifan biyu da kaina a gida, wanda ya ci min awa huɗu da fatar yatsu biyu, na kai su wajen wani mai inji. Shi wannan mutumin kirki ne a ganina na lokacin, domin bai yi min tambaya ko ɗaya ba. Bai nemi rubutu ba, bai fito da wani tsumma ba. Ya ɗaura faifan, ya kunna, baƙin garin ƙarfe yana zuba ƙasa. Ya yi zagaye ɗaya, zane bai fita ba, ya ƙara. Ya sake dubawa, ya ƙara. Ina tsaye ina gyaɗa kai kamar wanda ya san abin da ake yi. Da aka sauke su kuwa, masha Allah, suna ƙyalli har ina hango haƙorana a ciki. Na rungume su zuwa gida kamar an ba ni tagwaye.

Wajen mayarwa ne na nuna basira ta gaske. Cibiyar da faifan ke zama a kanta duk tsatsa ce, na dube ta na ce ai faifai zai rufe ta. Takalman birkin kuma na ga fuskarsu ta yi tudu da kwari, ta ɗauki zanen tsohon faifan sak, amma wata huɗu kacal da saye, wa zai jefar? Na danna fistin, wato abin da ke matse takalman, ya koma ciki da ƙarfi don kalifa, gidan da ke riƙe takalman, ta shiga, na mayar da komai. Notocin taya na bi su ɗaya bayan ɗaya a jere, kowanne na sa sifana na hau kanta da ƙafa biyu na yi tsalle har sai ta yi ƙara. Taya dai ba za ta cire ba, wannan na tabbatar.

Na kira uwargida da yara su fito su ga aiki. Na shiga, na tayar, na sa giyar baya, motar ta fara silalewa, na taka birki.

Ƙafata ta tafi har ƙasa kamar na taka auduga.

Abin da bidiyo na huɗu, wanda ban kalla ba, zai gaya min shi ne, in ka tura fistin baya sai ka tattaka birki sau da yawa kafin ka motsa mota, don takalman su dawo su kama faifai. Na koyi wannan darasin ne a tsakanin ƙofar gida da durom ɗin sharar maƙwabcina, tazarar da ba ta fi taku goma ba. Na yi salati, na tattaka, na manta akwai wani abu wai shi birkin hannu. Birkin ya kama daidai lokacin da durom ɗin ya riga ya tsayar da ni. Ƙaramin ɗana ya yi tafi. Uwargida ba ta ce komai ba, ta juya ta shiga ciki, kafaɗunta ne kawai na ga suna motsi.

Amma fa, a faɗi gaskiya, rawa ta tafi. Mako uku ina taka birki sumul, ina neman dalilin wucewa ta gaban garejin dattijon nan a hankali don ya gan ni. Har na fara ba abokan aiki shawara a kan birki.

Aski dai in ya zo gaban goshi ya fi zafi. Ranar da zai zo kuwa sai ya zaɓi ranar da na ɗauko surukina. Tafiya ce mai ɗan nisa, mota cike da mutane da kaya, ga wani dogon gangare mai kwana-kwana. Maimakon in sauko da giya inji ya taimaka min, sai na ɗora ƙafa a birki tun daga sama na bar ta a nan. Ba mu kai rabi ba wani ƙauri ya cika motar. Birkin ya fara yin nisa, ina takawa yana cewa sai an jima. Sannan rawa ta dawo, ba irin ta da ba, wannan har madubi da murfin akwatin gaba sun shiga ciki. Surukina mutum ne mai kawaici. Ya riƙe hular kansa da hannu ɗaya, ya riƙe ƙofa da ɗaya, ya ce cikin natsuwa, muryarsa tana kakkaryewa da rawar motar:

"Ɗa-ɗana, wa ke yi ma-maka gyaran mota?"

Daga kujerar baya na ji uwargida ta yi gyaran murya.

"Wani ne, Baba," na ce. "Zan rabu da shi."

A ƙasan gangaren na samu na tsaya, na danne birki da dukkan ƙarfina na kusan minti biyu ina mayar da numfashi, hayaƙi yana tashi daga tayoyin gaba. Wannan ma, ashe, wani laifin ne.

Komawa garejin ta fi gangaren wuya. Na ajiye motar daga nesa na ƙarasa a ƙafa, na gaishe shi gaisuwa mai tsawo, har na tambayi lafiyar yaransa ɗaya bayan ɗaya. Ya amsa, ya dube ni na daƙiƙa biyar ɗin nan, ya ce a shigo da ita. Noti na farko sai da yara biyu suka sa dogon bututu a sifana kafin ya motsa.

"Wa ya ɗaure wannan?"

"Ɗaurin kamfani ne," na ce.

Faifan da ke ƙyalli mako uku da suka wuce ya yi tabo shuɗi-shuɗi, ga 'yan tsage ƙanana kamar gashi. Tsumma ya fito. Na hagu 23.3.

Bai ce ai na gaya maka ba, wanda da ya faɗa da ya fi min sauƙi. Sai ya zaunar da ni a kan tsohuwar taya ya bi laifuffukana dalla-dalla kamar alƙali. Ya ce aikin birki shi ne ya mayar da gudu zafi, faifan kuma shi ke shanye zafin ya watsar, a dogon gangare yana iya wuce digiri 400. Ƙarfen da aka rage masa nama ba shi da inda zai zuba wannan zafin, sai ya yi saurin ƙonewa ya ƙona takalman tare da shi. Ya ce kuma abin da mutane ke kira lanƙwashewa, yawanci ba lanƙwashewa ba ce. Kaurin faifan ne ke bambanta daga wuri zuwa wuri. Tsatsar da na bari a cibiya ta sa ya zauna a karkace, tsallen da na yi a kan notoci ba bisa ƙa'ida ba ya ƙara jirkita shi, alhali karkacewar da aka yarje masa ba ta wuce kamar kashi 5 cikin 100 na milimita ba, ko silin gashi ya fi ta kauri. Yana juyawa yana gogar takalmi ta gefe ɗaya, can ya cinye, nan bai cinye ba. Tsofaffin takalman sun mayar masa da zanensu. Dannewar da na yi a ƙasan gangare kuma yana da zafi ta bar masa hoton takalmin a fuska. Ya nuna min da yatsa, ga shi nan kuwa raɗau, kamar an buga hatimi.

"Yallaɓai, wannan shi ne gyaran gangar Auzinawa."

Na sayi faifai biyu, don ba a canja ɗaya a bar ɗaya. Na sayi takalma sababbi. Na biya kuɗin aiki, bayan kuɗin aski da na riga na biya, da sabon durom na maƙwabci. Ina zaune ina kallo ya kankare cibiyar har ta yi fari, ya wanke man da ake shafa wa sabon faifai don kada ya yi tsatsa a kwali, ya ɗaura notocin a tsallake, wannan sannan na daura da shi, da wata sifana mai awo da ke yin ƙas idan ta kai, ba tsalle ba gumi. Ya tattaka birki kafin ya tayar, yana kallona ta gefen ido, ashe labarin durom ya riga ni zuwa. Sannan muka fita hanya, ya sa na riƙa kai gudu 60 ina ragewa zuwa kusan 10 ba tare da na tsaya cak ba, kamar sau goma, don takalmi da faifai su saba da juna.

Da muka dawo ya ce bari ya duba na baya. Aka cire taya, ya goga farce, ya kankare gefe, ya auna. Iyaka 8, faifan yana 9.7, zanen kuma sama-sama ne.

"Waɗannan kam," in ji shi, "za su ɗauki aski."

"A'a Malam," na ce da sauri, "a sa sababbi kawai. Aski haɗari ne. Ƙarfen da aka rage masa nama ba shi da inda zai zuba zafi."

Ya tsaya da maikuromita a hannu. Ya dube ni, ya dubi yaronsa, ya sake duba na. Wannan karon kallon ya kai daƙiƙa goma.

"Yallaɓai," ya ce, "don Allah je ka zauna a kan tayar can."