Maɗaci ɗari huɗu

Tunda Ma'aji ya riga ya baza labarin nan yadda ya ga dama, har da ƙarin gishiri, gara ku ji shi daga bakina.

Kun dai san mafarin abin. Ƙungiyarmu ta tsofaffin ɗalibai ta ce bana za a dasa itatuwa 500 a kewayen firamaren garinmu da filin Idi. Wani ya ce a je gandun daji a karɓo darbejiya kyauta kowa ya huta. Ni kuwa da tsakar dare rawar kai ta motsa mini, na zuba dogon rubutu a WhatsApp: darbejiya baƙuwa ce daga Indiya, turare daga Ostireliya, to ina gawo, ina ɗorawa, ina kanya da ɗinyar da muka sha muna yara? Kafin gari ya waye an cika ni da tafi, an naɗa ni shugaban kwamitin nemo dashe. Kwamitin kuma ni kaɗai ne. Aka turo mini naira dubu 200, aka ce saura mako uku, Dagaci zai zo da kansa, za a ɗauki hoto.

Ashe itacen gida shi ne ba ya da kasuwa. Babu mai sayar da dashe a bakin titi cikin Kano da ban tsaya wurinsa ba. Mangwaro mai aure, gwaiba, lemon zaƙi, fulawa kala-kala ta gidajen masu hali, duk ga su nan jere. Da na tambayi wani kuka, sai da ya dube ni sama da ƙasa, sannan ya ce, "Alhaji, kuka ai ba a sayenta, gadonta ake yi." Wani na ce masa kaɗanya, ya tambaye ni shekaruna. Na faɗa masa. Ya ce to in dai man kaɗe nake so, in je kasuwa in saya, don tana iya shafe shekara 15 ba ta yi ɗa ko ɗaya ba.

Malamin daji ne kaɗai ya zaunar da ni ya yi mini bayani, shi ma cikin tausayi, irin yadda likita yake yi wa wanda ya kawo marar lafiya a makare. Ya ce mai son itacen gida da yawa tun da rani yake zuwa ya yi magana, wajen Fabrairu ko Maris, a nemo iri, a jiƙa shi da ruwan zafi ko a ɗan kankare ɓawon saboda taurinsa, a cika leda da ƙasa da taki, a yi wata uku ko huɗu ana ban ruwa. Kalwa kuwa, sai ka yi gasa da matan da ke dafa daddawa kafin ka samu ta shuka. Ya ce, "Yanzu fa Yuli muke ciki, Malam." Ya haɗa mini tsamiya 60 da bagaruwa 40, ya ce darbejiya kuwa ko dubu nake so in kawo mota, ba ko sisi. Na ce Allah ya kiyaye. Da bakina na faɗa. Ku riƙe wannan.

Saura 400, saura kwana huɗu. Sai abokin wani abokina ya ba ni lambar wani mutum, wai ba irin itacen da ba ya renonsa. Na kira, ya ce yana da maɗaci, nawa nake so? Har wani sanyi na ji a raina. Maɗaci! Itacen da ake jiƙa sassaƙensa a sha don ciwon ciki, ga inuwa, ga katako na gani na faɗa. Na ɗauki hayar a-kori-kura, muka isa ana kiran magariba, wani lungu a bayan gari, dashen jere cikin ledojin fiya wata.

Don Allah a yi mini adalci a nan: na yi shakka. Na haska fitilar waya na ce, "Malam, wannan ai kamar darbejiya." Ko gezau bai yi ba. Ya ce, "Yauwa, Alhaji, ashe kai ma ɗan hannu ne. Ai dangi ɗaya suke. Suna ƙanana ba mai raba su, sai sun tasa ganyen maɗacin yake buɗewa. Duba a wayarka." Na duba. Wallahi dangi ɗaya ne, haka masana suka rubuta. Sai ya tsinko ganye ya miƙo mini, "Ɗanɗana." Na tauna. Ɗaci har ƙwaƙwalwa. Ya ce, "To me ya sa ake ce masa maɗaci?" Na rasa amsa. Muka yi ciniki naira 300 kowanne, har ina jin daɗi na rage masa hamsin-hamsin. Dubu 120 na tura masa nan take, ya ƙara mini goma gyara.

Ranar Asabar aka hallara. An yi rumfa, amma kujerun manya a ƙarƙashin babbar bishiyar nan ta gaban ofishin hedimasta aka jera su, wadda muka sha bulala a gindinta. 'Yan makaranta sun yi layi da kayan makarantarsu duk da ba ranar karatu ba ce. Dagaci ya zo, Sarkin Noma ya zo, Liman ya buɗe da addu'a. Aka ba ni makirfo aka ce minti biyar. Na yi ashirin.

Babu abin da ban faɗa ba. Na ce darbejiya zamanin Turawa aka shigo da ita, ta Borno ta fara sauka a 1928, yau ga shi ta mamaye ko'ina kamar ita ce 'yar gari. Na ce yaranmu sun tashi ba su san ɗinya ba, ba su san danya ba. Na ɗaga hannu na nuna bishiyar da manya suke zaune a inuwarta, na ce, "Wannan, ranka ya daɗe, baƙuwa ce. Yau mun kawo 'yan asali." Aka yi tafi. Har yanzu ina jin tafin nan a kunnena, shi ya fi komai yi mini ciwo.

Na ɗauko dashe ɗaya da hannu biyu, na durƙusa, na miƙa wa Dagaci don ya fara sakawa a rami. Ya karɓa. Ya juya shi. Ya sake juya shi. Bai ce komai ba, kun san halinsa, sai ya miƙa wa Sarkin Noma. Sarkin Noma ya matso da shi dab da idonsa, ya nesanta shi, ya murje ganye ɗaya ya shinshina. Mai hoto yana durƙushe yana jira. Sai tsohon nan, maimakon ya raɗa mini a kunne kamar yadda musulunci ya tanada, ya yafito wani ɗan aji biyu, yaron da ko haƙoran gaba bai gama mayarwa ba.

"Kai, zo nan. Mene ne wannan?"

"Darbejiya ce, Baba."

"Ɗaga murya, Alhaji bai ji ba."

"DARBEJIYA!"

Makirfon yana hannuna, a kunne. Sauran yaran suka ɗauka darasi ne, suka amsa gaba ɗaya da waƙe, yadda suke amsa "ba, be, bi". Hedimasta ya daka musu tsawa, amma ina ganin kafaɗarsa tana rawa.

Na ce, "Baba, maɗaci ne, dangi ɗaya suke, suna ƙanana..." Bai ko bari na ƙarasa ba. Ya miƙe a hankali, yana dafa sanda, ya kai hannu sama ya tsinko ganye daga bishiyar da na gama zagi, ya haɗa da nawa a tafin hannunsa, ya zagaya yana nuna wa manya ɗaya bayan ɗaya kamar mai tallan zobe. Har Liman sai da ya sa tabarau. Sannan ya dawo gabana ya ce, "Ɗan nan, ganyen maɗaci bakinsa sumul yake. Wannan kuwa dubi, haƙoran zarto. Wannan 'yar waccan ce. Ƙila ma a gindin irinta aka tsugunna aka cire su, bayan ruwan farko ai kamar ciyawa suke fitowa."

Da na yi shiru a nan da da sauƙi. Amma bakina ya ƙi. Na ce, "Ai sai da na ɗanɗana, Baba, da ɗaci."

Ya ce, "Kinin ma da ɗaci, ba a dasa shi."

Dagaci ya ja rawaninsa ya rufe baki. Daga bayan rumfa na ji wata dariya guda ɗaya, mai kama da tarin akuya, na san ta tun muna aji ɗaya a sakandare. Ma'aji. Mutumin da ko tsinke bai ɗauka ba a aikin nan, sai zuwa da babbar riga da littafin rasit a hammata.

Amma ba shi ne ya fi ba ni haushi ba, direban a-kori-kurar nan ne. Wannan bawan Allah da hannunsa ya loda ledoji 410. Mun yi tafiyar kusan awa biyu muna gaba tare, na saya masa tsire, na saya masa lemo, duk hanya ina ba shi labarin amfanin maɗaci yana cewa "ƙwarai kuwa, Alhaji, haka ne, Alhaji." Da aka watse na ja shi gefe na ce, kai ba ka gane ba ne? Ya ce, "Haba Alhaji, tun a lungun na gane. A ƙofar gidanmu akwai guda uku." Na ce to me ya hana ka faɗa mini? Ya ce, "Ai ba ka tambaye ni ba. Kuma na ga kana duba waya, na ce ƙila wani sabon suna aka sa mata." Sannan ya nemi ƙarin dubu biyar wai kuɗin jira, don jawabina ya yi tsawo. Kuma na ba shi. Wannan ne har gobe ban gane ba, me ya sa na ba shi. Lambarsa tana wayata, na ajiye ta da wani suna da ba zan rubuta a nan ba. Shekaranjiya ma ya turo mini gaisuwar Juma'a da hoton fulawa.

Sarkin Noma dai, bayan ya gama da ni, ya riƙe hannuna ya kai ni bakin gonar da ke bayan filin Idi, ya nuna mini kututtura suna toho, gawo da kalgo da sabara da aduwa. Ya ce a wajen Maraɗi, inda 'yarsa take aure, ba sa wahalar sayen dashe. In sun zo sharar gona sai su bar toho biyu ko uku masu ƙarfi a kowane kututture, su sassabe sauran, sassabin zamani suke ce masa, kuma gonakinsu sun cika da gawo. Ya ce shi gawo ma awaki ne ke shuka shi, su ci 'ya'yan, ƙwallon ya fito cikin kashinsu ya tsira. Na ga dama ta samu in ɗan farfaɗo da mutuncina, na nuna wani babban gawo da ya tsaya tsirara a tsakiyar gero, na ce, "Shi ne ke zubar da ganye da damina ya yi sabo da rani, shi ya sa ba ya hana amfani." Ya ce, "Eh, wannan ko yaron ɗazu ya sani."

Mai dashen kuwa kwana uku wayarsa a kashe. Ran na huɗu ya ɗauka, na fara faɗa, ya saurare ni tsaf, sannan ya ce, "Alhaji, ni na duba wayar ko kai?"

An dai dasa su, tunda an riga an haƙa ramuka. Tsamiya 60 ɗin nan ta malamin daji, awaki sun cinye fiye da rabi kafin a kawo kwandunan karewa, don Ma'aji ya ce ba zai saki kuɗin kwando ba sai na kawo rasit na dubu 120. Rasit daga wa? Darbejiyar kuwa, wadda aka ce in zo in kwasa kyauta na ce Allah ya kiyaye, duk ta kama, har ta fara yin sabon ganye.

A rukuninmu yanzu ba mai kirana da sunana, Alhaji Indiya suke cewa. Na jiƙa kalwa da ƙwallon kuka a bokitin wankin maman yara don shirin baɗi, ta ce in kwashe kafin Lahadi tana da wanki.