Ogoni: a nuna mana sakamakon ruwan rijiya

Duk wanda ya taɓa ɓarar da kananzir a tsakar gida ya san halinsa. Ka share, ka barbaɗa yashi, ido ya daina gani, amma ranar da aka yi ruwan sama sai warin ya taso. Shi ya sa idan na ga hoton fili ya yi kore shar a ƙasar Ogoni ta jihar Ribas, an ce an gama tsabtace shi daga malalar mai, hankalina ba ya kwanciya. Ni dai tambayata kullum ita ce: me gwajin ruwan ƙarƙashin ƙasa ya nuna?

A watan Agustan 2011 Hukumar Kula da Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da rahotonta kan gurɓatar da mai ya yi wa Ogoni, bayan wata 14 tana bincike. An ɗebi samfur sama da 4,000 na ƙasa da ruwa, an haƙa rijiyoyin gwaji 142. A Nsisioken Ogale da ke ƙaramar hukumar Eleme, an tarar da tataccen mai ya yi kaurin santimita 8 yana yawo a saman ruwan da ke ciyar da rijiyoyin jama'a. Sinadarin benzin, mai haddasa cutar daji, ya ninka ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya fiye da sau 900 a ruwan da mutane ke sha. A wurare 49 mai ya nitse aƙalla mita 5. A Ejama-Ebubu kuwa, malalar da ta shekara kusan 40 tana nan daram duk da sharar da aka sha yi mata. Kuma tun 1993 Shell ya daina haƙo mai a yankin.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne yadda rahoton ya tona asirin hanyar da aka saba bi wajen tsabtace filin da mai ya malala. A kan kafce saman ƙasa ne kamar za a yi shuka, a zuba taki, a bar iska da ƙwayoyin halitta su cinye man. Dabarar ta dogara da zaton cewa akwai shimfiɗar yumɓu a ƙasa da ke tare mai. Masu binciken suka gano shimfiɗar ba ta game ko'ina ba. Ke nan an kashe maciji ba a sare kansa ba. Man da ya kai ga ruwa yana bin gangare a ɓoye, ya ɓulla a rijiyar wanda ko bututu bai taɓa gani ba. Fitar da shi sai an tono ƙasar an wanke ta, an zuƙe man da ke yawo, an yi shekaru ana auna rijiyoyin gwaji. Dalilin ke nan aka ƙiyasta aikin zai ci shekara 25 zuwa 30, da dala biliyan ɗaya a shekaru biyar na farko kaɗai.

An kafa HYPREP, shirin gwamnatin tarayya na tsabtace wuraren da mai ya gurɓata, a 2012, aka sake ƙaddamar da aikin a Bodo a watan Yunin 2016. Ba zan ce ba a yi komai ba, an samar da ruwan famfo a wasu garuruwa, an dasa itatuwan bakin ruwa. Amma a 2020 Amnesty da abokan aikinta sun ce kashi 11 cikin 100 na wuraren da aka lissafa ne kawai aka fara taɓawa, suka kuma yi ƙorafin an ba kamfanonin da ba su san aikin ba kwangila.

Wasu na cewa fasa bututu da matatun ɓoye su ne ummul haba'isin ɓarnar. Akwai gaskiya a ciki, domin ba ka share ɗaki ana watsa maka shara ta taga. Sai dai wa ke tantance dalilin malala? Hukumar NOSDRA mai sa ido kan malalar mai, wadda aka kafa a 2006, ta daɗe tana dogara da jirgin ruwa da motar kamfanin da za ta bincika kafin ta isa wurin. Wanda ya ba ka abin hawa, da wuya ka rubuta laifinsa.

Yanzu ga maganar komawa haƙo mai a Ogoni ta taso, Shell kuma ya sayar da reshensa na kan tudu ga gamayyar kamfanoni mai suna Renaissance a 2025. A ganina, kafin a buɗe rijiyar mai ko ɗaya, a wallafa sakamakon gwajin kowane fili da aka ce an kammala, daga ɗakin gwajin da ba ɗan kwangila ne ke biyansa ba, da zurfin da aka ɗebi samfur.

Mu ma a Arewa gemun ɗan'uwanmu ne ya kama da wuta. A Nuwamban 2022 aka ƙaddamar da haƙar mai a Kolmani, tsakanin Bauchi da Gombe, inda manomi da makiyayi ke dogara da rijiya da burtsatse. Gwamnatocin jihohin biyu su sa a auna ruwan ƙauyukan tun yanzu, a ba masu unguwanni kwafin sakamakon su adana. Ranar da ruwa ya fara warin fetur, da wannan takarda za a je kotu.