Baƙonka annabinka, amma ina sunan ƙanena?

Jiya ina gyaran wani ɗan bidiyo da na ɗauka nan Liyon sai na tuno da wata anasara da ta sauka gidanmu Tawa tun ina lakkwal. Ta zo da rakoda da kamera wai tana son ɗaukar sautin daka da waƙar mata da hayaniyar kasuwar Lahadi. Ba mu san ta ba, wani direba ne ya kawo ta ƙofar gida ya ce ga baƙuwa, shi kenan. Inna ta share mata ɗaki, kawu ya ba da moto ɗinshi har sati biyu ko kuɗin mai bai karɓa ba, ƙanena kuwa shi ne tafinta shi ne mai ɗaukar jaka, ya kai ta wurin mai unguwa ya kai ta bakin tabkin Babaye, matan unguwa suna sake dakan da sunka riga sunka gama don kawai iska ya ɓata mata sautin farko. Ranar tahiyarta anka haɗa mata cuku da kilishi ta tafi tana kuka.

Ni kuma da na zo nan na ce bari in ɗauki ƴan Adar da ke zaune Faransa, yadda suke rayuwa, wallahi na sha mamaki. Ka ɗaga kamera cikin kasuwa mai tebur ya ce a'a, ka je meri su ce rubuto takarda, ka rubuta su ba ka randebu sai bayan sati uku. Ba wanda zai ce maka shigo ka sha ruwa. Farko na ce mutanen nan ba su da zuciya.

Daga baya na sassauta. Wani tsoho mai ritaya da na gamu da shi a wata ƙungiyar unguwa ya koya mani haɗa hoto a kwamfuta kyauta, duk Laraba ƙarfe biyu zuwa huɗu, minti ɗaya ba ya ƙarawa, ko shayi bai taɓa ba ni ba balle in san gidanshi. Amma wata shida bai taɓa fashi ba. Kuma shi ne ya tsare ni ya ce duk wanda fuskarshi ta fito sai ya sa hannu ya yarda, duk wanda ya riƙe mani ko da waya ce sai sunanshi ya fito a ƙarshe.

Nan abin ya tsaya mani a wuya. Don na taɓa cin karo da aikin waccan baƙuwa tamu a intanet, na bi rubutun ƙarshe har ƙasa, abin da na gani kawai godiya ga mutanen Tawa. Mutanen Tawa! Ƙanena da ya bar karatu sati biyu yana bin ta cikin rana ba shi da suna? Ban ce muguwa ba ce, mu ne ba mu tambaya ba, wurinmu kunya ce ka yi alheri ka ce a rubuta.

Alhali an taɓa yin daidai a ƙasarmu. Jean Rouch, Bafaranshen da ya yi shekaru yana fim a Nijar, bai ɓoye abokanshi ba, Damure Zika da Lam Ibrahim Dia da Tallu Muzuran kowa ya san su, har kamfaninsu Dalarouta daga farkon sunayensu su huɗu har da Rouch anka haɗa shi. Umaru Ganda dako yake yi Abijan lokacin da Rouch ya sa shi a fim, daga baya shi da kanshi ya ci babbar kyautar FESPACO, bikin fina-finan Afirka na Wagadugu, a 1972. Rouch ɗin ma a 2004 ya rasu cikin hatsarin mota kusa da Konni, Yamai anka rufe shi.

Abin da ya fi ƙona mani rai ma ba wannan ba ne. Alherin nan namu yana da ido, yana duba fata. A Tawa, garin da Mustafa Alasan, shahararren mai shirya fim na Nijar, ya zauna shekara da shekaru yana zanen fim, yau yaron gida ya ɗauki salula zai yi bidiyo a kasuwa sai a ce marar aikin yi ne, ko a ce nawa za ka ba mu. Kuma yanzu da matsalar tsaro ta sa anasaru sun daina zuwa, waɗannan yaran ne kaɗai sunka rage da kamera a hannu.

Satin da ya wuce ɗan yayata ya turo mani saƙo ta WhatsApp yana son zuwa ƙauye ya ɗauki masu noman albasa kafin a cire. Na kira kawu na ce don Allah kawu a ara mishi moto kwana biyu. Ya yi shiru, ya ce kai ɗana, ka san mai ya yi tsada. Na tura jaka biyar na mai, har yanzu ina jira in ji ko ya ba da makulli.